Bargon Omma da Ulun Ciyaman

Masu turo min saƙo suna cewa, "Rannvá, ke fa sakarya ce, ki haɗa jakarki ki hau jirgi mana," na gode, Allah ya bar zumunci. Amma da gani babu wanda ya taɓa kwana a ƙauyenmu a cikinku. Ku zo ku gwada haɗa jaka a ɗakin da tagarsa ke kallon tagar Goggo Jórun, mu gani ko za ku kai ga zuge zif kafin labari ya isa coci.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga inda aka kwana. Shekarata ashirin da bakwai, na karanta zanen gine-gine a Copenhagen. A watan Afrilu na dawo tsibirinmu na Sandoy, saboda kakata, wadda muke kira Omma, ta zame a bakin coci ta karya ƙugu. Da 'yar ƙaramar jaka na zo, da niyyar jinya ta ɗan lokaci. Yanzu ga mu a Nuwamba. Omma ta warke sarai, har tana korar tumakin maƙwabta daga lambu da sandarta, ni kuwa ina nan kamar an dasa ni.

Kuma na samu aiki. Wata mata mai suna Mette, mai ƙaramin kamfanin zane a Copenhagen, ta ga ayyukana ta ce in zo in fara bayan sabuwar shekara. Aikin da nake mafarki tun ina makaranta ne. Sharaɗinta ɗaya, in ba ta amsa kafin Juma'ar nan ta wuce, e ko a'a, don akwai wani yana jira a layi.

To me ya riƙe ni? Bargo. Ku yi dariya, na yafe muku.

Bari in fara da Sámal, don shi ne jarin Mama. Dogo ne, mai gemu, yana da shekara talatin da uku da riga ɗaya, wata saƙaƙƙiya mai ruwan ƙasa da yake zuwa coci da ita, ya je kamun kifi da ita, ina jin da ita za a binne shi. Maganarsa ba ta wuce "Hm" da "To". A waya kuwa abin ya fi muni. Tunda Mama ta ba shi lambata ban taɓa samun jimla cikakkiya daga wurinsa ba. Hoton tunkiya. Hoton teku. Hoton wata tunkiyar tana kallon teku. Ranar da na tura masa, "Sámal, me kake nufi da waɗannan hotunan?" sai ya turo min alamar babban yatsa.

"Yaron kirki," in ji Mama, tana soya fanke ba ta ko waiwayo ba. "Yana da tumaki, yana da kwalekwale, gidansa sabon rufi, ba ya sha sai ranar biki."

"Mama, tallan mota kike yi ko na miji?"

"Mota ma ana duba lafiyarta kafin a saya. Ke kin tsaya kina jiran wani ɗan Denmark mai siririn wando da zai raba kuɗin shayi da ke. Duk 'yan matan garin nan sun hau jirgi sun tafi karatu, wace ce ta dawo? Yara nawa suka rage a makarantarmu? Ke ma so kike ki tafi in riƙa ganin jikokina a cikin waya?"

In ta kai nan muryarta takan ɗan yi rawa. Ba wasa take ba, na sani. Tun rasuwar Baba gidan ya yi mata girma.

Yanzu bargon. Kowace Talata bayan cin abinci matan layinmu suna haɗuwa zaman saƙa, bindiklubbur, yau a gidan wannan, mako mai zuwa a gidan waccan. Namiji ba ya shiga, ko mai gidan ne sai ya nemi wurin zuwa. Sunan dai saƙa, amma a nan ake ɗaura aure a kashe shi, a nan ake sanin wa ke da ciki kafin mijinta ya sani. Abin da mace ta faɗa a zaman nan ya fi rantsuwar kotu nauyi. Goggo Jórun, yayar Babana, ita ce alƙaliya. Tana saƙa tana kallon fuskarki, allurorinta na tafiya da kansu, ba ta taɓa sauke ido ta duba su ba.

Ni kuwa ban iya saƙa ba. Na faɗa. A garinmu wannan ya fi a ce ba ka iya gaisuwa ba. Safa ɗaya na taɓa yi a firamare, malamar ta ɗaga ta sama ta tambayi aji ko akwai mai dokin da zai saka.

To wata Talata a watan jiya, zaman ya faɗo gidanmu. Ina rarraba kofi da kek, sai Omma ta yi ajiyar zuciya irin ta 'yan wasan kwaikwayo ta ce, "Ni dai ga sanyi ya shigo, ƙugun nan sai tsami yake. Jikoki bakwai, babu mai saƙa min ko bargon rufe ƙafa."

Duk ido ya dawo kaina. Ni kuma da rawar kai, dama na ga wani bidiyo a waya, wata baturiya mai farar kujera da farin kare tana saƙa bargo da ulu mai kauri kamar babban yatsa, ido ɗaya gaba, ido ɗaya baya (ido shi ne madaukin zaren da ke kan allura), sai ya fito gurje-gurje gwanin kyau. Ta ce ko wanda bai taɓa riƙe allura ba zai gama shi a ƙarshen mako guda.

"Ni zan saƙa miki, Omma," na ce.

Goggo ta yi 'yar dariya ta hanci. "Ke? Kafin ki tafi, ko bayan kin tafi?"

"Kafin. Ba zan bar tsibirin nan ba sai na gama shi na lulluɓa mata da hannuna."

Allurori suka tsaya cak. Mata takwas, babu wadda ta yi tari. Goggo ta ce, "Kun dai ji." Suka amsa baki ɗaya, "Mun ji." A lokacin ya kamata in sha jinin jikina, amma ina, ina can ina jin kaina jaruma.

Washegari sai ga Sámal a ƙofa da kwali. Ulu ne an kaɗa shi da kauri, irin na bidiyon sak, launinsa ja mai duhu kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Na ragonsa ne, Ciyaman. Ya sa masa sunan ne don ba ya aikin komai sai ci da hararar mutane. Duk tsibirin babu mai irin launinsa.

"Nawa ne?" na ce.

"Hm," ya ce, ya juya ya tafi.

Na kai wa Goggo wayata ta ga bidiyon. Ta riƙe ta nesa da fuska kamar kifin da ya kwana. "Wannan ba saƙa ba ce, igiyar ɗaure jirgi ce. Ido nawa ta ce ki ɗora?"

"Sittin."

"Sittin! Ulun roba ke gare ta shi ya sa. Namu in ya ga ruwa motsewa yake. Ɗora ɗari biyu."

"Goggo, bai yi yawa ba?"

"Ni za ki koya wa? Ina saƙa tun ubanki yana fitsarin kwance."

Na ɗora ɗari biyu. Ta ara min allura mai doguwar igiya a tsakani, wadda idanun ke cunkushewa a kanta, ba ka ganin faɗin abin da kake yi. Na duƙufa. Ɗaya gaba, ɗaya baya, ɗaya gaba, ɗaya baya. Ƙarshen mako ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Kafaɗuna suka yi tsami, yatsuna suka yi kanta, layi ɗaya sai in shanye kofi biyu ban kai ƙarshensa ba. Na zagi baturiyar nan da karenta har na gaji. Amma ba zan ɓoye muku ba, abin ya fara shiga raina. In na shafa gurjin nan mai taushi, yana ɗan warin tunkiya da ruwan sama, sai in ji daɗi ya kama ni, in ce ashe dai ni ma 'yar garin nan ce.

Shekaranjiya Talata na ɗauki dunƙulen ulu na ƙarshe a kwalin. Na ce ai shi ke nan, ƙarshe ya zo. Na ci kwalliya, siket baƙi, farar riga mai maɓallan azurfa ta Mama, na tura bargon cikin babbar jaka na nufi gidan Goggo, inda zaman ya faɗo. Falonta kamar kullum, labule mai leshi, hotunan matattu jere a bango, kek kala uku, da madubin hangen nesa a bakin taga wanda ta ce na kallon tsuntsaye ne.

"Baza mana shi mu gani," in ji Goggo.

Aka kwashe kofuna. Na fara jan bargon a kan tebur ina warware cunkoson. Ya rufe tebur. Ya zubo ta dama. Ya zubo ta hagu. Matar fasto ta kama gefe ɗaya ta yi ta ja da baya har ta dangana da firji. Faɗi kam, mutum huɗu za su kwanta a jere. Tsawo kuwa, jama'a, ko gwiwar Omma ba zai rufe ba.

Sai Sunnvá mai shagon garinmu ta dafe ƙirji ta ce, "Kai! Wannan ai na gadon mutum biyu ne!"

Falo ya kaure da shewa da tafi.

"Ashe yarinya ta daɗe da yanke shawara!"

"Da ulun ragonsa kuma! Mu ake ɓoye wa?"

"Har da wurin yara ta bari, ku duba ta nan!"

"Na Omma ne!" na ce da ƙarfi. "Kuskure ne! Goggo ce ta ce in ɗora ɗari biyu!"

Goggo ta zaro ido, ko a jikinta. "Ni? Na ɗauka siririn zare kike nufi. Wa zai ɗora ɗari biyu da wannan igiyar? Sai mai wata niyya a ransa."

Na kalli Mama. Ta duƙar da kai tana ƙirga idanun wata safa da na san tun bara ta gama ta.

"To zan warware," na ce. "In sake shi daidai, ulun zai isa har ya yi saura."

Wata ta ja numfashi kamar na zagi coci. Goggo ta ce, "Abin da aka baza a zaman nan ba a warware shi. Kuma ulun Ciyaman ne, ya riga ya kama juna, kina ja zai tsittsinke a hannunki. Gwada ki gani."

"To in ƙarasa da wani launi."

Sai Omma ta buga sandarta a ƙasa. "Bargona? A yi masa faci kamar wandon masunci? Launin nan nake so, faɗin nan nake so. Na gaji da kwanciya a takure, akwatin gawa na jirana, can zan takura."

"Je ki tambayi Sámal mana," in ji Goggo, tana yanka kek a hankali. "In babu saura, sai a jira askin tumaki. Yuli ai kamar gobe ne."

Yuli! Na dawo gida ina huci. Kafin in cire takalmi wayata ta fara kuka. 'Yar kawuna daga Tórshavn, babban birninmu: "Barka!!! Yaushe ne? Ni ce babbar ƙawa ko?" Wani da muka yi firamare, yana kan jirgin kamun kifi can kusa da Iceland: "Na ji labari. Sámal ya yi sa'a." A tsakiyar teku fa! Sai na Mette a ƙasa, a natse: "Rannvá, ina fatan kakarki ta samu sauƙi. Ina jiran amsarki zuwa Juma'a." Sai na Sámal: hoton tunkiya a cikin hazo.

Jiya Laraba na tare Mama a kicin. Rediyo na karanta sunayen waɗanda suka rasu, tana feraye dankali tana saurare don ta ji ko akwai wanda ta sani.

"Da ke aka haɗa baki, Mama."

"Wane baki?"

"Ɗari biyu."

"Ni ban iya lissafi ba." Ta jefa dankali a tukunya. "Amma alkawari ke kika yi shi da bakinki, ba wanda ya matse ki. In kin ga za ki iya tsallake shi ki hau jirgi, hanya a buɗe take. Ke za ki tafi. Ni ce zan zauna a garin nan ina zuwa zaman Talata a matsayin uwar wadda ta bar kakarta da rabin bargo."

Kun ji irin nata. Ba ta ɗaga murya, sai dai ta ɗora maka dutse a ƙirji ta ce ai kana iya tashi. Na shige ɗaki na yi kuka na haushi, sannan na yi na tausayinta, sannan na sake yin na haushi.

Yau Alhamis da hantsi na ce zan je wurin Sámal. Na canza riga sau uku, kuma kada wanda ya ce min komai, sanyi ake yi. Na ƙare da shuɗiyar mai dogon wuya, na ɗora rigar ruwa ruwan ɗorawa, takalmin roba, da ɗan jan baki kaɗan don iska na fasa leɓe. Na ari motar Mama. Ina fita na ga labulen Goggo ya motsa, tsuntsaye sun fito ke nan.

Gidansa na can ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare. Na same shi a bakin rumbun shanya nama, irin na katako mai tsaga-tsaga da iskar teku ke ratsawa. Yana gyaran ƙyaure, da rigar nan dai tasa.

"Sannu da aiki."

"Hm."

"Ulu na zo nema. Na Ciyaman. In babu, ka taimaka ka aske shi yanzu, ni zan saƙa masa riga ya saka zuwa Yuli."

Ya ɗago ya kalle ni, gefen gemunsa ya ɗan motsa. Ya tura ƙyauren. Naman tumaki ne rataye a jere, iska na kaɗa su.

"Na uku daga hagu," ya ce.

"Ka yanka Ciyaman?"

"Watan jiya. Ya tsufa. Ya tunkuyi fasto."

"Goggo ta sani?"

"Ita ta karɓi kan."

Na ƙura wa naman ido. Wato matar nan tana yanka kek tana ce min Yuli, alhali ta riga ta cinye kan mai ulun da dankali.

"Bai bar 'ya'ya ba?"

"Duk farare, sun biyo iyayensu mata. Sai ɗaya." Ya nuna wani ɗan mitsitsin abu ja a kan tudu, ko hula ba za a samu a jikinsa ba. "Sai nan da shekara biyu. Ko uku."

Na fashe da dariya, irin wadda hawaye ke biyo ta. Na ce, "Shi ke nan, kun gama da ni. Je ka gaya musu sun ci. A kira fasto, in haƙarƙarinsa ya warke."

Ya shiga ɗakin ajiyarsa, na ji yana ture kaya, sai ga shi da buhu a kafaɗa. Ya dire shi a gabana ya kwance bakin. Dunƙule-dunƙule ne na ulu, ja mai duhu, mai kaurin yatsa. Ya ninka wanda ya kawo min da farko.

"Na shekarun baya ne, na tara," ya ce. "Tare aka kaɗa su. Goggonki ta ce in kai miki kwali ɗaya in ɓoye sauran. Jiya ta kira ta ce in ƙone."

Ban taɓa jin ya jera magana haka ba, har na leƙa ko wani ne a bayansa.

"Me ya hana ka ƙonawa?"

"Ulu ne mai kyau." Ya sosa gemu, ya kalli teku. Kunnuwansa sun yi ja, kuma ba sanyi ba ne. "Kuma ni ko tunkiya ba na ɗaurewa. In tana son tudun nan, tana dawowa da kanta."

"Tunkiya ka kira ni?"

"A'a. Hm. Ba haka ba." Ya rikice, har ya taka igiyar buhun. "Ina nufin, na ga ginin da kika zana, wanda Mamanki ke nuna wa kowa a shago. Ɗakin karatun nan mai tagogi. Na daɗe ina kallo. Ki je ki yi aikinki, Rannvá. In kin dage, kafin Kirsimeti kin gama bargon."

Ya ɗauki buhun da kansa ya kai bayan mota ya rufe but. Ya koma kan ƙyaurensa ya ɗauki guduma.

Jama'a, ku gaya min, me ya kamata in ji? Murna ko? An kwance ni, ga hanya, ga jirgi. To haushi na ji. Haushi mai zafi, har wuyana. Ko ɗan roƙo babu? Wata bakwai yana turo min tumaki, Mama na talla, Goggo na ƙulla makirci, gari ya gama ɗinka kayan biki, shi kuma gogan ya sa min 'yancina a but kamar buhun dankali ya ce in sauka lafiya?

"Shi ke nan abin da za ka ce?" na ce ta tagar mota.

"Hotunan nan," ya ce, bai juyo ba. "Ban iya rubutu mai daɗi ba. In na ga abu mai kyau, sai in ce bari ki gani ke ma."

Na tayar da mota da ƙarfi har ta mutu, na sake tayarwa. A hanya na tsaya a gefen titi na buɗe wayata na bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko. Wallahi suna da kyau. Ban taɓa tsayawa na duba ba. Akwai wanda rana ke faɗuwa a bayan cocinmu, in ka lura da kyau, tagar ɗakina ce a gefe da fitila a kunne. Na kifa kaina a sitiyari na ce, Rannvá, kin shiga uku.

Na ajiye motar a bayan gida, inda madubin Goggo ba ya kaiwa. Ina shiga kicin na tarar da su su uku, wai haɗuwa ce ta katsam. Mama na zuba kofi, Goggo da saƙarta, Omma a kujerarta kusa da hita, rabin bargon a cinyarta ya zubo ta ko'ina har ƙasa.

"Har kin dawo?" in ji Mama. "Me ya ce?"

Ga amsa a bakina, a shirye. In ce ulu na but, in kalli Goggo ido cikin ido in ce wutarki ba ta kama ba, in ɗauki waya a gabansu in rubuta wa Mette e. Tun daga gidan Sámal nake tsara yadda zan faɗe ta.

"Babu," na ji bakina ya ce. "An yanka Ciyaman."

"Ayya!" in ji Goggo, ta dafe ƙirji. "Allah sarki, ragon kirki. Yaushe?"

Mama ta ɓoye fuskarta a cikin kofi, amma na ga kafaɗunta sun sauka, kamar wadda ta sauke tulu. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar kicin da rigar ruwa tana ɗiga, ina mamakin wace ce wannan da ta yi magana da muryata.

"Zo ki gyara min matashi," in ji Omma.

Na duƙa a kanta. Ta miƙo hannu kamar za ta shafa kafaɗata, ta tsinko wani ɗan gashi ja daga jikin zif ɗina, ta murza shi a yatsu, ta kai hanci, ta tura shi cikin aljihunta. Ta jawo kunnena kusa da bakinta.

"Ki shigo da shi ta ƙofar baya kafin danshi ya kama shi," ta ce can ƙasa. "Ƙarƙashin gadona akwai wuri. Ni bargo na nema, ban nemi a binne min jika da rai ba. In don uwarki kika yi ƙaryar nan, ba ta isa dalili ba. In don mai gemu ne, ki tabbata. Zan riƙe miki baki zuwa Juma'a. Ta wuce, ni da kaina zan baza buhun nan a tebur."

Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Yarinya ta ce babu, to babu. Jórun, miƙo min sukari."

Yanzu ina zaune a bakin gadona, buhun na ƙarƙashin gadon Omma, hannuwana duk warin Ciyaman. Saƙo biyu ne a wayata ban amsa ba. Na Mette ya ce, "Kin yanke shawara?" Na Sámal kuwa, karon farko a tarihi ba hoto ba ne, kalma biyu ce: "Zai isa?"

Na rubuta "e" na goge, na sake rubutawa na goge, kuma har yanzu ban san a cikin su biyun wa nake rubuta wa ba. Gobe Juma'a.